Kowa Jikan Malami, To Ina Jikokin 'Yan Alaro?

Ranar da Baffana ya kira ni daga Tuboro, ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba ya ce, "Kai, maganar nan da ka ɗauka a bakin Goggo, ka goge ta yau ɗin nan." Na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, me na yi?" Ya ce, "Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Mu da muka haife ku ba mu tona ba, sai kai don an kai ka boko?" Ya kashe waya. Yau wata bakwai ke nan, in na kira don in gaishe shi, amsar ba ta wuce "lafiya" guda ɗaya.

Ban goge ba, kuma ba ni da niyyar gogewa. Na san Baffa ba zai karanta wannan rubutu ba, amma masu ra'ayinsa suna da yawa, har a cikin waɗanda suka fi ni karatu, don haka da su nake. Maganata ita ce, mu Hausawan Arewacin Kamaru, da 'yan'uwanmu na sauran zangunan duniya, mun mai da tarihin gidajenmu kirari. Mun bar tsofaffin da suka san yadda aka yi suna mutuwa da abin a cikinsu, sannan mun raɗa wa wannan sakaci suna kunya, wani lokaci mu ce rufin asiri.

Kafin in nuna kowa da yatsa, bari in fara da kaina. Ni ma'aikacin rediyo ne a Garwa, na fi shekara goma ina zama gaban makirfo. Na yi difloma a aikin jarida, inda aka koya mini yadda ake tatsar magana daga bakin wanda ba ya son yi. Na yi hira da 'yan siyasa, da manoman auduga, da 'yan ƙwallo, har da masu maganin basir. Kakana wanda ya haifi mahaifina ya rasu a 2016 yana da shekara fiye da tamanin, ban taɓa ajiye masa na'ura ko na minti biyar ba. Duk salla ina zuwa Tuboro, in ci nama, in miƙa masa goro, in juyo. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

In ka tambayi kowa a gidanmu daga ina muka fito, amsa ɗaya za ka ji: "Kakanmu malami ne daga birnin Kano, ya fito da niyyar Hajji, Allah ya tsai da shi a Garwa." Shi ke nan, tarihin shekara ɗari ya ƙare a numfashi ɗaya. Wannan jimla na ji ta a Marwa, na ji ta a Gaundare, na ji ta a unguwar Briketiri ta Yawunde da unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala. Sunan birni kawai ake canzawa, yau Kano, gobe Katsina, jibi Sakkwato ko Zazzau. Waɗanda suka fi ƙarfin hali su tsallake Hausa gaba ɗaya, su ce su sharifai ne, ko daga Yaman, ko Bagadaza.

To, jama'a, mu yi lissafi. Hausawa sun kwararo Adamawa ne a ƙarni na 19, a bayan tutar jihadin Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola a 1841. Fatauci ya kawo mafi yawansu. Suna shigowa da baƙin rini da turkuɗi da kanwa da duwatsun wuya, su fita da hauren giwa da goro, daga baya roba, kuma, mu faɗi gaskiya, da bayi. A kowane ayari madugu ɗaya ne. Malamin ayari, in akwai shi, ɗaya ne ko biyu. Sauran jama'ar kuwa masu kora jakai ne da 'yan alaro, waɗanda suke ɗaukar kayan wani a ka daga Kano har Banyo don a ba su abin da za su ci. Su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. To ina jikokinsu? Ko duk ba su haihu ba ne? Yaya aka yi ƙasar nan ta cika da jikokin malamai da madugai, amma ban taɓa haɗuwa da mutum ɗaya da ya ce mini kakansa ɗan alaro ne ba?

Ni dai na samo ɗaya, kuma a madubi na gan shi.

Bara, bayan Babbar Salla, na ɗauki hutun mako guda na zauna a Tuboro. Ga waɗanda ba su san wurin ba, Tuboro gari ne a sashen Mayo-Rey, can kudu maso gabashin Garwa, inda Kamaru ta haɗa iyaka da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Hanyar kwalta da ta taso daga Gaundare zuwa Mundu ta nan ta ratsa, kasuwar Mbaibum tana kusa, kuma auduga ce ta raya garin. Kakana ya koma can ne ba da daɗewa ba bayan kafa kamfanin Sodecoton a 1974, domin inda kuɗin auduga ya sauka, nan ake cin nama. A gidan da ya bari akwai ƙanwarsa, autar ɗakinsu, wadda su Baffa ke kira Goggo, mu kuwa mu ce Kaka. Ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka ga mutumin nan da ake ce mana malami ne daga birnin Kano.

Ranar farko na zo mata da aikin jarida. Na kunna waya, na ce, "Kaka, ki ba ni tarihin gidanmu." Ta gyara lulluɓi, ta karanto mini jimlar nan ta gado ba ragi ba ƙari, ta ce in kashe abina. Rana ta biyu ma haka. A rana ta uku na same ta tana ɓarar gyaɗa, na zauna ina taya ta, wayar tana kan tabarma da izininta. Ta dubi goshina ta ce, "Mijin nan nawa, sanƙo ya kama ka tun ba ka yi mini kishiya ba." Na ce, "Gadon gidanku ne ai, Kaka." Ta ce, "Baba ma yana da shi, amma nasa ba na gado ba ne. Tsakiyar kansa fatar ta yi kanta kamar tafin ƙafa." Na ce, "Rawani ne ya ci wurin?" Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wane rawani? Kaya ne."

Daga nan bakinta ya buɗe. Mahaifinta ba ɗan birni ba ne, daga wani ƙauye yake a kudancin ƙasar Kano. Ya fito ne a shekarar yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta faɗa tsakanin 1913 da 1914, yana yaro wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba. Ubansa ne da kansa ya miƙa shi ga wani madugu, don ko banza a rage baki ɗaya a gida. Suka bi ta Bauchi, suka faɗa Yola, suka iso Garwa a daidai lokacin da ake yaƙin korar Jamusawa, waɗanda aka fitar daga garin a 1915. Ya yi shekaru yana ɗaukar kaya tsakanin Garwa da Gaundare da Banyo. Da wuya ya fara ba shi ciwo sai ya koma lodin jiragen ruwa a bakin Binuwai, aikin da ba a yin sa sai da damina in ruwa ya kawo. Da rani kuwa ya zama yaron wani mahauci, har Allah ya sa ya samu teburin kansa. Karatu da gemunsa ya fara shi, da dare, a gaban wani malami maƙwabcinsa, bai kai ga sauka ba. Amma da yake shi ke jan 'yan'uwansa mahauta salla, sai suka riƙa kiran sa Malam. Hajji kuwa ya yi niyya tun yana saurayi, yana da wani gwangwani da yake tara kuɗi, duk lokacin da ya kusa cika sai ciwo ko biki ya cinye. Ya rasu bai je ba.

Kun ga yadda aka gina jimlar gidanmu. Kano gaskiya ce, Malam gaskiya ne, niyyar Hajji gaskiya ce. An tsince yunwa, da gammo, da wuƙar fawa an zubar, aka ɗinke abin da ya rage.

Sai na ce, "Kaka, Inna fa, mahaifiyarku?" Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗa. A gidan rediyo babban laifi ne ka bar iska shiru, an horar da mu mu cike kowane gurbi da magana. Ranar nan Allah ya kama bakina. Mun fi minti biyu ba wanda ya ce uffan, yana nan a faifan, ana jin kukan kaji. Can ta ce, "Inna ba Bahaushiya ba ce."

Mutuniyar Laka ce. Mahara suka ɗauke ta tana ƙaramar yarinya, ita da wanta suna korar tsuntsaye a gonar dawa. Ba ta sake ganin wan ba. Ta bi hannu uku kafin ta faɗa gidan wani Bahaushe attajiri a Garwa, inda ta girma tana daka da ɗebo ruwa, aka canza mata suna, daga baya maigidan ya 'yanta ta ya aura wa yaron mahaucin nan. Ba ta san sunan garinsu ba, abin da take tunawa kogi ne da wani dutse. Hausa da Fillanci take yi, amma in tana awon hatsi, da harshensu take ƙidaya a hankali. Kaka ta ce ita ma ta iya daga ɗaya zuwa biyar, ta kuwa ƙirga mini. Sannan ta ce a shekarar da Ahijo ya sauka daga mulki, wato 1982, mijinta ya rasu ta dawo hannun wanta a Tuboro. Ranar da ta fara shiga kasuwa ta ji wasu mata da suka zo daga tsallaken iyaka suna awon gero, suna ƙidaya irin ta Inna. Ta ce ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta, ta zauna a gindin wata rumfa ta yi kuka ya ishe ta, ta koma gida ta ce ciwon kai ne. Fiye da shekara arba'in ba ta gaya wa kowa ba, domin ba wanda ya tambaya.

Na yi kuskure ɗaya, kuma na amsa shi. Zumuɗi ya sa na kunna wa 'yan'uwana samari wani sashe na hirar a daren, kafin in je wa Baffa da ita. A bakin yara ya ji, kuma babba yana da haƙƙin ya ji irin wannan a ɗakinsa, daga bakin wanda ya durƙusa. Wannan na ba shi haƙuri a kai, zan kuma ƙara. Amma gogewa wata magana ce daban, kuma ga amsata ga hujjojin da ake kawowa.

Hujja ta farko ita ce rufin asiri. Baffa yana da 'yan mata uku a gabansa, kuma ya san halin mutanenmu in an zo binciken aure. Ana iya fasa neman yarinya don an ji kalmar "bayi" ko "mahauta" a asalinta. Tsoronsa ba na banza ba ne, ban kuma raina shi ba. Amma a tsaya a duba wanda ya kamata ya sunkuyar da kai a labarin nan. Yarinyar da aka sace a gonar ubanta, ko waɗanda suka yi cinikinta? Duk wanda ya leƙa tarihin Adamawa ya san ƙasar Laka ta daɗe tana shan harin masu neman bayi, kuma fataken Hausa suna cikin masu saye. A yau jikan mai saye yana bugun ƙirji da asalinsa, jikan wadda aka saya yana raɗa. Muddin kowane gida yana ɓoye tasa kakar, masu wannan bincike za su ci gaba da zaton su tsarkakakku ne, alhali da za a buɗe faifan kowane gida a Garwa da Gaundare da Rai, da an rasa mai yi wa wani gori. Kuma mu da muke cewa addini ne ma'auninmu, addinin ya kwaɗaitar da mu sanin nasaba don a sada zumunci, ya yi kashedi mai tsanani a kan jingina kai ga asalin da ba naka ba, ya kuma ce tsoron Allah ne ke ɗaukaka mutum. Matar nan ta haifi 'ya'ya shida, zuriyarta a yau ta cika gidaje a garuruwa huɗu. Ba a taɓa yi mata takwara ba. Ba a ambaton ta in ana addu'ar magabata. Wane irin rufin asiri ne wannan da ya binne uwa sau biyu?

Sannan a bambance ɗauka da watsawa. Ban sa hirar nan a rediyo ba, ba zan sa ba. A rubutun nan babu sunan kowa. Da na nemi izinin Kaka cewa ta yi, "Ka faɗa wa wanda ka ga dama, amma kar ka kira sunan Inna a kasuwa." A kan haka nake. Iyali suna da ikon su ce wannan na cikin gida ne. Abin da ba su da iko a kai shi ne su hana jikokin da ba a haifa ba sanin wadda ta haife su.

Hujja ta biyu ita ce ta 'yan boko: wai mene ne amfaninsa, tarihin kaka zai saya maka buhun masara? Waɗannan ina so su tuna farkon 2014. Bayan rikicin Seleka da 'yan anti-balaka ya ɓarke, Musulmin Bangi da garuruwan yammacin Afirka ta Tsakiya suka yi ta gudu, wasu zuwa Kamaru, wasu zuwa Cadi. Gwamnatin Cadi ta kwashe dubbai a jirage da manyan motoci a matsayin 'yan ƙasarta, da yawansu kuwa ba su taɓa taka Cadi ba, ba su san kowa ba, suka ƙare a sansanoni. A lokacin ina sabon ɗan rahoto, na yi hira da wani saurayi da ya tsallako ta wajen Mbaibum. A can aka haife shi, a can aka haifi ubansa. Na ce ina za ka nufa? Ya ce, "An ce mu Hausawa ne daga Nijeriya." Na ce wane gari? Ya ce, "Kakata ce ta sani, ta rasu." Wannan saurayi yana da dangi a wani wuri, wataƙila masu hali, waɗanda za su shimfiɗa masa tabarma in ya ambaci sunan kakan kakansa da unguwarsu. Jimla ɗaya aka bar masa gado, ita kuwa ba ta kai mutum ƙofar gidan kowa.

Kada wani ya ce wannan tsautsayi ne na ƙasa ɗaya. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, har da waɗanda aka haifa a zango. A 1983 Nijeriya ta yi nata korar. A Janairun 1980 an ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, aka kai shi iyaka aka ce ɗan Cadi ne, sai da kotu a Maiduguri ta bi asalinsa ta mai da masa haƙƙinsa. Mu nan kuwa iyaka ta sha tsallake mu muna zaune. Ƙasar da Yola ke mulka Turawa suka raba ta, sannan ƙuri'ar Fabrairun 1961 ta kai Mubi da Ganye Nijeriya, Garwa da Marwa suna Kamaru. Dokar ƙasarmu ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba, kuma tsarin mulkin 1996 ya shigo da maganar kare haƙƙin 'yan asalin wuri, abin da ya sa kalmar "baƙo" ta yi nauyi a siyasa da rabon ƙasa. Ni kaina wani ma'aikaci ya taɓa juya takarduna a wani ofis, ya ga sunana, ya ce, "Ku Hausawa ai 'yan Nijeriya ne, yaushe ka zo?" Na san faifan murya ba ya zama takardar haihuwa, alƙali ba zai karɓe shi a madadin hatimi ba. Amma ranar nan ban da abin da zan ce masa sai jimlar gado, wadda ita da kanta take cewa mu matafiya ne da aka tsayar a hanya. Da yau ne, zan ce masa kakan mahaifina ya yi lodin jirgi a Garwa tun kafin a ba Kamaru 'yanci a 1960, kakar mahaifina kuwa daga ƙasar nan aka sace ta. Ku duba wannan abin mamaki: jijiyar da ta fi ɗaure mu da ƙasar da muke zaune, ita ce muka fi ƙoƙarin yankewa.

Hujja ta uku, wai tsofaffi suna mantuwa, suna ƙari, suna kare mutuncin nasu. Haka ne. Ministoci ma suna yi, amma ba mu daina kai musu makirfo ba. Maganin shaida ɗaya shi ne a nemo ta biyu. Abin da Kaka ta faɗa na kai shi wurin wani tsohon mahauci a Garwa wanda ubansa ya yi zamani da mahaifinta, ya tabbatar da rabi, ya gyara mini wuri guda, ya ce sauran bai sani ba. Shekarun da ta ba ni da sunan yunwa da saukar shugaba, na auna su da abin da ke rubuce. Wanda ya ƙi ɗaukar magana don tana iya zama da kuskure, a ƙarshe kirari zai gada, shi kuwa kirari ba a ma yi shi don a auna ba.

Hujja ta huɗu, wai an riga an rubuta tarihi. An rubuta, Allah ya saka wa marubutan. Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa wanda ya rasu a Maiduguri a 2004, ya zaga lamidancin Arewa da na'urar ɗaukar magana, ya fitar da littattafai a kan Garwa da Rai Buba da Marwa da Tibati. Ba don shi ba, da abubuwa da yawa sun bi masu su kabari. Dokta Mahdi Adamu ya rubuta littafi a 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Amma tarihin fada na masu fada ne, tarihin fatauci na hanyoyi da kasuwanni ne. Kakarka ba ta ciki. Misalin da ya fi ci mini rai shi ne na Baba ta Karo. Tsohuwa ce kamar kakar kowa, ba 'yar sarki ba, ba malama ba. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana rubuta abin da take faɗa a kan aure da kishi da rinji da harin bayi da zuwan Turawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da Baturiyar ta ce sai baɗi, da shi ke nan. Shekara saba'in bayan haka, kowannenmu yana yawo da na'urar da ta fi duk abin da Eldridge ya taɓa riƙewa, muna cika ta da hotunan biki da rawar TikTok.

Mu 'yan rediyo laifinmu ya fi na kowa. Muna da sa'o'i na gaishe-gaishe, muna sayar da fili ga duk mai kwalbar magani, amma da na kai shawarar shirin hira da tsofaffin unguwanni, wani shugabana ya ce mini tsofaffi ba sa kawo talla. In an gayyato dattijo kuwa, mai rawani ake nema, a tambaye shi jerin sarakuna. Marubutanmu su ma ga su nan, labari ya tashi daga Abuja ya sauka Dubai, alhali a bayan ɗakin marubuciyar akwai tsohuwar da ta taka daga Fort Lamy zuwa Sudan da goyo a bayanta. Muna yawan maimaita zancen Amadu Hampate Ba da ya kwatanta mutuwar tsoho da ƙonewar ɗakin littattafai. Mun iya faɗa a taro. Gobarar tana ci a gidajenmu, mu kuwa muna tsaye da waya a hannu muna ɗaukar wani abu daban.

Ga wanda ya yi niyya, ga ɗan abin da na koya. Kada ka ce "ba ni tarihi", domin kirari za a ba ka. Tambayi abu ƙarami: tsohuwar tasa, tabon da ke ƙafa, kuɗin sadakinta, abin da aka ci ranar da aka iso. Fara da mata, don su ne suka san wanda ya auri wa da dalilin da ya sa aka bar gari. Ka san kunyarsu: ba za ta kira sunan miji ko ɗan fari ba, kar ka matsa, nemi sunan a bakin wani. Kada ka tambayi shekara, tambayi abin da ya faru a lokacin, fara ce, ko yunwa, ko wane ne ke mulki. Nemi izini kafin ka kunna, ka kuma tambayi abin da aka yarda ka faɗa. In ta yi shiru, kai ma yi shiru. Ka tambayi sunan ƙauye da unguwa da sana'a, ka rubuta a takarda a ranar. Ka ajiye muryar a wuri uku, domin waya tana faɗawa rijiya. Sannan ka je wa manyan gida da abin da ka samu kafin yara su ji, kada ka yi irin tawa.

Kaka tana nan da ranta, amma bana ta fara kiran na da sunan mahaifina. Da na bari sai wannan sallar, ban san abin da zan samu ba. Ƙidayar nan ta Inna na hardace ta, na koya wa ɗana mai shekara shida, yana yi yana dariya don bai san nauyinta ba tukuna. In Allah ya kai mu salla zan je Tuboro, in durƙusa gaban Baffa, in sake ba shi haƙuri a kan yadda maganar ta iso masa. In ya yarda, zan roƙe shi abu ɗaya: in an zo addu'ar magabata, a ambaci kakarsa da sunanta. In bai yarda ba, zan jira, faifan yana nan.

Allah ya jiƙan ɗan alaro da matarsa, ya jiƙan naku magabatan, waɗanda kuka sani da waɗanda aka ɓoye muku. Wanda yake da tsoho a gida, ya je yau.